Idan Aikin Rage Ƙiba Ya Daina Amfani

 Maganar da muka taru a kanta yau ta shafi waɗansu 'yan'uwanmu ne waɗanda ba su cika faɗin damuwarsu a fili ba, watau mutanen da aka yi wa aikin fiɗa a tumbi domin rage ƙiba, suka ga amfaninsa shekara biyu ko uku, sa'an nan ga ƙibar ta soma dawowa. Wanda abin bai same shi ba kada ya ce babu ruwansa, gama mai yiwuwa ne akwai irin wannan mutum a gidansu ko a wurin aikinsa, yana nan yana tara kuɗin jirgi a ɓoye zai koma ƙasar waje a sake yi masa aiki, bai kuwa shawarci kowa ba. Abin da nake so in nuna muku shi ne, aiki na biyu ba a shigarsa sai an gano abin da ya sami na farko. Da yawa kuma, in an bincika, sai a tarar akwai hanyar da ta fi wuƙa sauƙi.

Bari mu soma da girman al'amarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa. Mu nan mun tashi muna ɗaukar teɓa alamar wadata ce, har akan yi wa mai ita kirari. Amma a wurin likitoci ƙiba mai yawa cuta ce mai daɗewa a jiki, wadda takan jawo ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon gwiwa, da irin minsharin nan da ke tsayar da numfashi cikin barci. Yadda suke auna ta kuwa, sukan ɗauki nauyin mutum a kilo su raba da tsawonsa a mita, abin da ya fita su sake raba shi da tsawon. Alal misali, mutum mai tsawon mita 1.65 wanda ya kai kilo 120, awonsa 44 ke nan. Tun 1991 aka tsai da ƙa'ida a Amurka cewa wanda awonsa ya kai 40, ko kuwa 35 in yana da wata cuta da ƙiba ta jawo, ya cancanci a duba yi masa aiki. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da ƙa'idar zuwa 35, har ma 30 ga mai ciwon sukari da makamantansa.

Ayyukan da aka fi yi iri uku ne, kuma wajibi ne mu san bambancinsu, domin duk shawarar da za ta biyo baya a kansu ta rataya. Sunayen Hausa da zan ambata mu muka raɗa musu don sauƙin magana. Akwai aikin zobe, inda ake ɗaura wani zobe na roba a wuyan tumbi, a matse shi, abinci ya riƙa wucewa kaɗan kaɗan. An yi yayinsa ƙwarai a shekarun 2000, yanzu kuwa an rage yin sa. Akwai aikin hannun riga, wanda za ku ji likitoci na ce masa silib: a nan ana yanke wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar da shi ɗungum, abin da ya rage ya zama siriri kamar hannun riga. Shi ne aka fi yi a duniya a 'yan shekarun nan. Sai aikin ratse, watau baifas, kamar dai hanyar motar da ke kewaye gari ba ta shiga kasuwa ba. Ana ware ɗan aljihu daga saman tumbi wanda bai wuce girman ƙwai ba, a jawo ƙaramin hanji a haɗa da shi, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Wani likita, Edward Mason, shi ya soma wannan aiki a Jami'ar Iowa ta Amurka a 1966, kuma tun wajen 1994 ake yin sa ta 'yan ƙananan huji maimakon a tsaga ciki.

To, yaushe ne za a ce aiki ya daina amfani? Wannan tambaya ta fi yadda ake tsammani nauyi, domin mutane da yawa suna tayar da hankalinsu a kan abin da likita bai ɗauka gazawa ba. Kusan duk wanda aka yi wa irin aikin nan yakan kai ƙarshen ramarsa ne tsakanin shekara ɗaya da biyu, daga nan nauyi ya ɗan hau. A ƙasar Suwidin an soma wani babban bincike a 1987, aka bi dubban mutane shekara da shekaru. Waɗanda aka yi wa aikin ratse sun rage kashi 32 cikin ɗari na nauyinsu a farkon lokaci, bayan shekara goma ragin ya tsaya a kashi 25. Masu zobe sun soma da kashi 20, suka tsaya a 14. Kun ga ke nan ɗan hawan nauyi yana cikin al'adar aikin.

Ku ɗauki mutumin da ya shiga asibiti da kilo 130, ya sauka har 90, yau kuma bayan shekara biyar ma'auni ya nuna 100. Shi a ransa ya ƙaru da kilo goma, rigunansa sun matse shi, yana jin kunyar waɗanda suka yi masa barka. Likita kuwa zai ga mutumin da har yanzu ya rage kilo 30, watau kashi 23 cikin ɗari na nauyinsa na da. In sukarinsa na kwance, jininsa bai hau ba, yana barci lafiya, to wannan aikinsa na nan da ransa. Likitocin fannin sukan soma damuwa ne idan ragin bai taɓa kai kashi 20 cikin ɗari ba, ko idan mutum ya mayar da wajen sulusin abin da ya zubar ko fiye, ko kuwa idan cutar da ta lafa ta sake tashi. Akwai kuma waɗanda ba nauyi ne ya dame su ba, aikin ne ya bar musu wata wahala: ƙwannafi mai hana barci, ko amai kullum, ko gyambon ciki, ko rama da kasala saboda jiki ba ya samun abin da yake bukata. Maganin mai ƙwannafi daban, na mai dawowar ƙiba daban, don haka tilas mutum ya iya faɗa wa likita ainihin abin da ya kawo shi.

Me ke sa ƙibar ta dawo? A nan ne aka fi zaluntar masu wannan lalura. Da an ga mutum ya sake cika sai a ce kwaɗayi ne, ba shi da haƙuri, ya ɓarnatar da dukiya. Alhali kuwa jikin ɗan Adam an halicce shi ne da tsoron yunwa, in ya ga nauyi ya ragu sai ya tashi haiƙan ya mayar da shi. A 1999 masana a Japan suka gano wani sinadari mai suna girelin, wanda tumbi ke fitarwa yana sa mutum jin yunwa, yawancinsa kuwa daga saman tumbi yake fitowa, wurin da ake yankewa a aikin hannun riga. Shi ya sa a watannin farko mutum yakan manta da abinci sam. A 2011 wani bincike da aka yi a Melbourne ta ƙasar Ostireliya ya nuna cewa mutanen da suka rage nauyi ta hanyar rage ci, ko bayan shekara guda sinadaran yunwa a jininsu ba su koma yadda suke da ba, suna nan suna ingiza su ga abinci. Ban da wannan, jikin da ya rame yakan rage yawan abin da yake ƙonawa. Wannan kokawa ce da halitta, ba ta kuwa ƙarewa ranar da aka sallami mutum daga asibiti.

Wani lokaci kuma ginin ne da kansa ya canza. Aljihun tumbi yana iya buɗewa, ko ƙofar da ke tsakaninsa da hanji ta faɗaɗa, abinci ya riƙa zubewa nan da nan, mutum bai daɗe da ci ba ya sake jin yunwa. Hannun riga yana iya saki, musamman in tun farko an bar wani ɓangare na saman tumbin. Ga masu ratse, akwai lokacin da wata 'yar kafa kan ɓulle tsakanin sabon aljihu da tsohon tumbi, abinci ya koma bin tsohuwar hanya. Zobe kuwa yakan zame, ko ya ci bangon tumbi ya shige ciki, ko bututunsa ya yi yoyo ya daina matsewa. Waɗannan duka ba laifin majiyyaci ba ne, ba kuma a gane su da ido sai an leƙa.

Amma abin da ya fi yawa, wanda kuma zan ɗan tsaya a kansa domin ya shafi cimarmu ta yau da kullum, shi ne abin sha. Aikin nan duka ukun an yi su ne don su tare abinci mai tauri. Ruwa ba ya tsayawa a ƙaramin tumbi, wucewa yake yi. Mutumin da ba ya iya cin loma biyar ta tuwo yana iya shanye kwanon fura da nono mai sukari bai ji komai ba. Haka kunun zaki, da zoɓo mai sukari, da lemon kwalba, da shayin nan mai kauri na mai shayi wanda aka cika da madara. Kwalbar lemo ɗaya tana iya ɗauke da sukari fiye da cokali bakwai na shayi. Sai kuma abubuwan da ke narkewa a baki, irin su biskit da cincin da alewa, da gyaɗa da ake ta tsinta ana hira. Mutum zai rantse muku ba ya cin abinci, gaskiya kuwa ya faɗa, gama bai zauna gaban akushi ba tun safe, amma bakinsa bai huta ba. Sau da yawa ma wahalar aikin ce ta kai shi ga haka: nama yana tsaya masa a ƙirji, sai ya gudu zuwa ga abin da ke wucewa ba gardama. Irin wannan mutum ko sau uku aka sake ɗinke masa tumbi, furar za ta wuce.

Kada kuma a manta da magunguna. Akwai waɗanda ke sa ƙiba, kamar allurar insulin, da magungunan nan irin su firednisolon da ake sha don asma ko ciwon gaɓoɓi, da waɗansu magungunan taɓin hankali da na baƙin ciki. Ba a ce kowa ya daina maganinsa da kansa ba, a'a, a kai wa likita jerinsu duka ya duba ko akwai wanda za a musanya. Haihuwa, da rashin barci, da aikin dare, da damuwar zuciya, kowanne yana da nasa hannu a ciki.

Saboda haka matakin farko bincike ne. Likitan kirki zai nemi takardar aikin farko, wadda ke bayyana irin aikin da aka yi, da girman abin da aka bari, da tsawon hanjin da aka tsallake. Zai sa a zura na'urar leƙa ciki ta baki a ga halin da maƙoshi da tumbi suke. Zai sa a ɗauki hoton ciki bayan an sha wani farin ruwa mai kauri wanda ke nuna faɗin hanya da inda ta bi. Za a auna jini a ga ƙarfinsa, da bitamin B12 da D, da sinadarin ƙarfe, da abin da ke gina jiki, da sukari. Za a haɗa mutum da masanin abinci, wanda zai sa ya rubuta duk abin da ya shiga bakinsa na kwana bakwai, har da abin sha. Sau da yawa akan so ya ga likitan zuciya da tunani, ba don an ce ya taɓu ba, sai don akwai masu ci saboda baƙin ciki, akwai kuma waɗanda bayan aikin ratse barasa kan kama su da sauri fiye da da. Duk likitan da ya sa muku ranar aiki ta waya, bai ga takarda ba, bai leƙa ciki ba, ni dai shawarata ku nemi wani.

In binciken ya nuna ginin na nan daram, to gyaran ci da motsa jiki shi ne farko: a soma da nama ko kifi ko ƙwai ko wake kafin tuwo da shinkafa, kada a sha ruwa tare da abinci sai bayan kamar rabin sa'a, a tsai da lokacin ci, a bar tsince-tsince. Gaskiya ita ce wannan kaɗai ya fi ƙarfi wajen tsayar da hawan nauyi, bai cika mayar da mutum inda ya taɓa sauka ba. Amma babu wata hanya daga cikin masu zuwa da za ta yi amfani ba tare da shi ba.

Hanya ta biyu sabuwa ce, ita ce ta canza lissafin likitoci a 'yan shekarun nan, watau allurai masu rage yunwa. Suna kwaikwayon wani sinadari ne da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Wegovy domin rage ƙiba a 2021, bayan gwajin da ya nuna ragin wajen kashi 15 cikin ɗari a mako 68. Sinadarinsa ɗaya da na Ozempic da ake ba masu ciwon sukari. A 2023 aka amince da Zepbound, ɗan'uwan Mounjaro, wanda a gwajinsa ragin ya kai wajen kashi 20. Waɗannan gwaje-gwaje a kan mutanen da ba a yi wa aiki ba aka yi su. Amma a 2023 likitoci a Landan sun ba da sakamakon wani gwaji a kan waɗanda aikinsu bai ba da amfanin da aka so ba: masu karɓar allurar liraglutayid kullum sun rage kusan kashi 9 cikin ɗari a mako 24, waɗanda aka ba allurar da babu magani a cikinta kuwa ko kashi ɗaya ba su rage ba.

Sai dai allurar tana da nata sharuɗɗa. Tana da tsada, kuma ba a sha ɗaya a warke: an bi waɗanda suka daina Wegovy, aka tarar cikin shekara guda sun mayar da kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar. Takan sa tashin zuciya da amai, ba a ba mai ciki. Ana ajiye ta cikin sanyin firiji, abin da mai zaune inda wuta ba ta tsayawa zai yi wa tanadi. Ga kuma jabu: a watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun Ozempic da aka kama a Burazil da Ingila da Amurka. In an yi jabunta a can, to mu nan sai mu ƙara buɗe ido. Kada a saya a hannun 'yan talla ko ta waya, sai da takardar likita, a kantin magani mai rajista, a kuma duba lambar hukumar NAFDAC.

Hanya ta uku ita ce gyara ta baki ba tare da an huda ciki ba. Ga mai aikin ratse wanda ƙofar aljihunsa ta faɗaɗa, ana iya zura na'ura ta maƙoshi a ɗinke ƙofar ta tsuke. Haɗarinsa kaɗan ne, mutum yakan koma gida da wuri, amma ragin da ake samu matsakaici ne, kuma ba kowane asibiti ke da kayan aikin da gwanin ba.

Yanzu sai mu zo ga wuƙa. Wane aiki za a yi na biyu, wannan ya dogara ga na farko. Mai zobe shi ya fi sauƙin shawara. In zoben ya zame ko ya ci tumbi, cire shi ya zama dole. Amma yawancin waɗanda aka cire wa zobe aka bar su haka, ƙibarsu takan dawo, saboda haka akan juya aikin zuwa hannun riga ko ratse, ko dai a rana ɗaya, ko a jira wata 'yan watanni tabon ya huce.

Mai hannun riga kuwa, tambayar farko ita ce, yana ƙwannafi? Wannan aiki an san shi da jawo ƙwannafi, domin tumbin ya zama matsattsen bututu, ruwan tsami yana hawa sama. A wani gwaji da aka yi a ƙasar Finlan, bayan shekara goma an tarar da kumburin maƙoshi a jikin kashi 31 cikin ɗari na masu hannun riga, masu ratse kuwa kashi 7. Ƙwannafin da ya daɗe yana iya canza fatar maƙoshi, canjin da likitoci ke sa wa ido domin a wurin kaɗan daga cikin mutane yakan zama mafarin ciwon daji. Ga mai irin wannan hali, juya aikin zuwa ratse shi ne abin da aka fi yi, yana kuwa maganin ƙwannafin sosai. Amma a sani, ragin nauyin da ke biyo bayansa bai cika yawa ba. Wanda ba ya ƙwannafi, nauyi ne kawai ya yi masa yawa, akan duba masa ayyukan da ke tsallake hanji mai tsawo, kamar wanda likitoci a Madrid ta ƙasar Sifen suka bayyana a 2007, inda ake barin hannun rigar yadda yake a haɗa farkon hanji da can ƙasansa. Irin waɗannan sun fi kowanne rage nauyi da kwantar da ciwon sukari. Kuɗinsu kuwa a jiki ake biya: zawo, da tusa mai wari, da ƙarancin abin gina jiki da bitamin, har wani ya kumbura ƙafa ya kwanta asibiti. Wanda ya san ba zai iya sayen bitamin kowane wata har iyakar ransa ba, ko ba zai iya zuwa awon jini a kan kari ba, wannan aiki ba nasa ba ne, komai yawan kuɗin da ya tara na ranar aikin. Sake yanke hannun rigar kuma ba a yin sa sai hoto ya nuna lalle ya buɗe, kuma babu ƙwannafi.

Mai aikin ratse shi ne zaɓinsa ya fi ƙaranci. In kafa ce ta ɓulle, a toshe ta. Ana iya rage aljihun, ko a ƙara tsawon hanjin da aka tsallake, amma na farkon amfaninsa kaɗan ne, na biyun kuwa yana da haɗarin tamowa. Shi ya sa a wurinsa allura da ɗinkin baki suka fi shiga gaba.

Dole in faɗi wata magana a fili, ko da ba za ta yi daɗin ji ba. Aiki na biyu ya fi na farko haɗari, kuma galibi bai kai shi rage nauyi ba. Cikin da aka taɓa shiga yakan yi tabo, kayan ciki su manne da juna, likita ya daɗe yana rarrabewa kafin ya kai inda zai yi aiki. Naman da aka taɓa ɗinkewa ya yi kauri, jini bai isa gare shi kamar da ba, don haka ɗinkin ya fi saurin yoyo. Yoyon ɗinki kuwa shi ne abin da likitocin fiɗa suka fi tsoro, domin abin da ke cikin tumbi in ya zuba cikin ciki yana iya kisa. Ba ina tsorata ku ba ne, ana yin irin aikin nan lafiya a hannun gwanaye, kuma ga wanda ciwon sukari ya dawo masa da ƙarfi, ko ƙwannafi ya ci masa maƙoshi, zama haka nan ma haɗari ne. Abin da ake so a ɗora haɗarin biyu a kan ma'auni ɗaya. Wani kuma, bayan an auna, shawarar da ta fi masa ita ce a bar shi yadda yake a ci gaba da lura da shi.

Mutanenmu da yawa a Indiya, ko Turkiyya, ko Masar, ko Dubai aka yi musu aikin farko, suka dawo bayan mako guda ko biyu, daga nan babu wanda ya sake duba su. Wannan rashin bibiya yana cikin manyan dalilan da ke sa a wayi gari ƙiba ta dawo ba a farga ba. Wanda zai sake fita, ya tabbata tun kafin ya tashi ya sami likita a gida wanda ya yarda zai riƙa duba shi. Ya tambayi mai aikin sau nawa ya taɓa yin aiki na biyu irin wannan, ba na farko ba, da abin da ake yi a asibitin in ɗinki ya yi yoyo, da wanda zai biya kuɗin ƙarin kwanaki. Ya tambayi kilo nawa ake sa ran zai rage, a faɗa masa da lamba. Kada ya yarda a sallame shi ba tare da cikakkiyar takardar aiki da Turanci ba. Kada kuma ya yi gaggawar hawa jirgi, gama doguwar tafiya a zaune bayan fiɗa tana iya sa jini ya daskare a ƙafa ya tafi huhu. Wanda zai yi a gida Nijeriya, inda yanzu akwai asibitocin da ke yin aikin, tambayoyin nan dai su ne zai yi, ya kuma tabbata likitan yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa.

Akwai shiri da ke wuyan majiyyaci. Mai shan taba ya bari tun makonni kafin aiki, kada kuma ya koma, domin taba tana hana ɗinki warkewa, tana jawo gyambo a mahaɗar aljihu da hanji. Haka magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak, waɗanda muke saye a kemis kamar alewa: ga mai aikin ratse guba ne, sai a tambayi likita abin da za a sha a madadinsu. Mata su jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan aiki, su kuma sani ƙwayar tazarar haihuwa ta sha ba abin dogaro ba ce bayan an tsallake hanji, a nemi wata hanya. Game da azumin Ramadan, wanda bai daɗe da aiki ba ya nemi shawarar likitansa kafin ya ɗauka, gama ƙaramin tumbi ba ya iya ɗaukar ruwan yini guda a tsakanin magariba da asuba cikin sauƙi, addini kuma ya yi wa mara lafiya rangwame.

Ga 'yan'uwa masu jinya kuma, ku riƙe alamun nan a makonnin farko bayan aiki. In bugun zuciya ya wuce 120 a minti ɗaya yana kwance, ko zazzaɓi ya taso, ko numfashi ya yi wuya, ko ciwon ciki ya tsananta, ko ya ji ciwo a kafaɗar hagu, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, kada a tsaya jiƙa magani ko jiran gari ya waye, a tafi asibiti da takardar aikin a hannu. Haka in amai ya ƙi tsayawa kwana da kwanaki, domin yana ƙarar da bitamin B1 a jiki, rashinsa kuwa yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A gaya wa likitan da ke bakin aiki cewa an yi wa mutumin aikin tumbi, don a ba shi bitamin ɗin kafin a ɗaura masa ruwan sukari.

Nan zan dakata.